Layin Toka a Taswirar Aji Shida

Yelwa, Bauchi
6 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga Baba Obadiya,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Mama Rifkatu da dukan mutanen gida. Mu nan lafiya muke, sai ƙafar mahaifiyata da kan tashi lokaci-lokaci.

Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce Juliana, 'yar marigayi Yero na reluwe, wanda kakanku ɗaya da shi. Rabon mu da juna tun ranar da aka binne shi a nan Bauchi. Ran nan ka dafa kaina ka ce, in na zama malama kamarka, in rubuto maka. To, na zama. Ina riƙe da aji shida a wata firamare a unguwar Ɗan Iya, kuma bana za su rubuta jarrabawar shiga sakandare.

Baba, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bara ni da yaran muka gina taswirar Jihar Bauchi a ƙasa, a bayan ajinmu. Da laka muka yi ta, baban wata ɗalibata Chioma ya ba mu ɗan siminti muka shafe. Duwatsu sun tashi tsaye, kogin Gongola kuwa kwari muka yi masa, muka shafa bula. Kowane yaro ya sa tsakuwa a garin ubansa. Ni ma na sa tawa a Kaltungo, ko da yake sau biyu kaɗai aka taɓa kai ni, ina goye.

Sai ga jawabin ranar Talata a rediyo: an cire Gombe daga Bauchi. Washegari tun ban ajiye jaka ba, wani yaro Hammadu, wanda tsakuwarsa ke Dukku, ya tare ni ya ce, "Malama, shekaranjiya ni ɗan Bauchi ne, yau Baffa ya ce ni ɗan Gombe ne. To ni yaushe na yi tafiyar?" Aji ya kwashe da dariya.

Hedimasta, Malam Ja'afaru, ya ce sufetoci na iya zuwa kowane lokaci, don haka in tsaga taswirar biyu da kurfi, ƙarfen sassaƙa, kada a ce muna koyar da tsohon zance. Amma ba wanda ya ba mu sabuwar taswira. Littafinmu har yanzu jiha talatin yake cewa.

Shi ya sa nake roƙo ka taimake ni. Waɗanne ƙananan hukumomi ne suka koma can? Ta ina iyakar ta bi? Yaya hanya daga Gombe zuwa wajenku? Me ake nomawa, ina ake ɗibar ruwa da rani? Akwai firamare a ƙauyenmu, malamai sun wadata? Ina so in san wurin sosai, don ina jin kunya a ce garina ne ban san komai a kansa ba.

Taka 'ya,
Juliana Yero

Kaltungo
21 ga Oktoba, 1996

'Yata Juliana,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Mamanki Rifkatu ta sa na karanta mata har sau biyu, ta yi kuka, ta ce rubutunki irin na Yero ne, mai kwanciya gefe ɗaya kamar dawa bayan iska. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi.

Na gane ki tun layin farko, kuma na gane abin da ke ranki. Tarbiyyar gidanmu ke nan: yaro ba ya buɗe baki ya roƙi babba kai tsaye, sai ya zagaya, babba kuwa in yana da hankali ya fahimta. Ubanki ma haka yake. Ranar da yake son keken babana, tambaya ya yi ta yi ko tayar na da iska.

Ga amsoshinki. Hanya da dama-dama. Ana noman dawa da gyaɗa da wake. Ruwa akwai rijiya a bayan coci, ba ta ƙafewa sai rani ya yi tsanani. Firamare tana nan, ita ce wadda na koyar a cikinta har na yi ritaya, malamai kuwa ba su wadata ba ko kaɗan. Aji shida ma ba su da kowa tun da malaminsu ya koma karatu.

Batun iyaka, kada ki sa in yi ƙarya. Na san Dukku da Nafaɗa da Akko da mu nan duk an ce Gombe muke, Alkaleri da Kirfi suna wajenku. Amma inda layin ya bi cikin daji, ko dagacinmu bai sani ba. Ni dai a aji ɗaya na koyar, ƙarƙashin mangwaro ɗaya, amma na ce wa yara babban birninmu Kaduna ne, na dawo na ce Maiduguri, na sake cewa Bauchi. Yanzu ga Gombe. Mangwaron bai matsa ba.

Kullum muna ganin manyan motoci suna shigowa da gadaje da kujeru, 'ya'yanmu ma'aikata suna dawowa gida. Ina ta duban hanya ina cewa ko akwai na gidanmu. Ashe Allah ya ji. Na sa a yaɓe ɗakin da ke kusa da rumbu. Sauran ki bar shi a hannuna, har yanzu ina da waɗanda na koyar a ofisoshi.

Naki uba,
Obadiya

Yelwa, Bauchi
10 ga Nuwamba, 1996

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Mahaifiyata ta gode, ƙafa ta yi sauƙi. Na gode da ɗakin da ka sa aka yaɓe, amma kada ku wahalar da kanku. In Allah ya yarda muka zo Kirsimeti, kwana biyu kawai za mu yi. Labarin keken ya ba ni dariya, ko da yake ban gane abin da ya kawo shi ba. In waɗanda ka koyar a ofis za su samo mini sabuwar taswira, da na ji daɗi ƙwarai.

Baba, kaina ya ɗaure. Na ja layi da alli har sau uku a kan taswirarmu, kowane da inda ya bi. Wani malami ya ce kogi ne iyaka. Wani direba ya ce a'a, sai ka wuce kogin da nisa. Malam Ja'afaru kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Malama, ina kurfin?" In ce masa ban san inda zan sara ba. Ya ce, "Sari ko'ina mana, sufeto ma ai bai sani ba." Ni kuwa hannuna ya ƙi. Siminti in an tsaga shi an tsaga ke nan.

Na tambayi Chioma jiharsu, ta ce Abiya. Washegari ta dawo ta ce Eboni. Na ce ta tsai da magana ɗaya. Sai ga ubanta, Mista Clement, ya rufe shagonsa ya zo da kansa. Ya ce, "Malama, yarinya ba ta yi ƙarya ba. Gidan ubana a Afikpo ya zauna a Jihar Gabas, da Gabas ta Tsakiya, da Imo, da Abiya, yanzu Eboni. Ko kwanon rufinsa ba mu canja ba. Ki koya mata wanda za a tambaya a jarrabawa kawai." To wanne za a tambaya? Ba mu sani ba ko an riga an buga takardun da tsohon lissafi. Yanzu yarana suna haddace biyu: talatin in an tambayi na littafi, talatin da shida in an tambayi na rediyo.

Akwai kuma abin da ke hana ni sukuni. Ana ta cewa duk ma'aikacin da ubansa ɗan can ne, za a tura shi can. Waɗansu sun ce ban da malaman firamare, waɗansu sun ce har da mu. Baba, kada ka ji haushi, amma ni ba na son tafiya. A Bauchi aka haife ni, a nan kabarin babana yake, mahaifiyata 'yar Dass ce, ba na jin yarenmu ko na gaisuwa. Abin da ya fi duka, yaran nan tun suna aji huɗu nake tare da su. Ko da za a kore ni, ina roƙon Allah a bar ni in kai su ƙofar jarrabawa. Ka sa ni a addu'a.

Zan ba Jalo direba wannan, ya ce yana bi ta wajenku, ya fi gidan waya sauri.

Taka,
Juliana

Kaltungo
9 ga Disamba, 1996

'Yata,

Salama. Muna lafiya, an gama girbi, gyaɗa ta yi kyau. Shiru ban ji daga gare ki ba tun wasiƙar farko, na ce kunya ce irin ta gidanmu.

Albishirinki. Na je ofishin ilimi da sandata har sau uku. Wanda ke kan kujerar, ni na koya masa rubuta sunansa. Ya rubuta wa Bauchi ya nemo ki da suna. Aji shida na makarantarmu naki ne daga sabon zango. Na faɗa a coci, mata sun yi guɗa. Mamanki ta ware miki kaza biyu da turmi.

Ki fara ɗaure kaya.

Naki uba,
Obadiya

Yelwa, Bauchi
19 ga Janairu, 1997

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata kun shiga sabuwar shekara lafiya. Ka gafarce ni, gaisuwata gajera ce yau. Ba mu zo Kirsimeti ba saboda ƙafar mahaifiyata ta sake tashi, ga shi kuma ban san ko da wace fuska zan zo ba yanzu.

Ranar da aka koma makaranta, Malam Ja'afaru ya kira ni ofis ya miƙo mini takardar canjin wurin aiki, bai ko ce in zauna ba. Na karanta na ga sunana, na ga Kaltungo. Baba, idona ya rufe. Na ɗauka shi ne ya kai sunana saboda na ƙi tsaga taswira. A gaban malamai na ce masa, "Ranka ya daɗe, saboda laka da siminti za ka raba ni da yarana?" Ya dube ni ya ce, "Ni? Ke da kika bi ta bayan gida kika nemi tafiya, ko sallama ba ki yi mini ba? Takardar ta ce daga can aka nemo ki. Malamai nawa ne 'yan can a makarantar nan, wa aka taɓa ban da ke?" Na rantse ban nema ba. Ya ce shi ma bai kai ba. Muka tsaya muna kallon juna kamar waɗanda aka tasa daga barci.

Ya karɓi ajina ya ba Mista Pius, malamin lissafi. Mutumin kirki ne, amma jihohi yake sa su rerawa kamar jadawalin sau, kuma daga tsohon littafi. Ina zaune a ɗakin malamai ina jin su ta taga suna cewa Gombe gari ne a Jihar Bauchi. Ran Alhamis Hammadu da Chioma suka biyo ni har bakin titi inda nake jiran tasi. Hammadu ya ce, "Malama, ashe da gaske ne duk wanda tsakuwarsa ke wancan gefen sai ya tafi? Ni ma za a zo a ɗauke ni?" Na ce ba wanda zai ɗauke shi. Ya ce, "Ke ma ai haka kika ce." Da na duba taswira washegari, na tarar ya ɗauke tsakuwarsa daga Dukku ya ɓoye.

Sai shekaranjiya wasiƙarka ta Disamba ta fito daga gidan waya. Na karanta, na sake karantawa, na ba mahaifiyata ta saurara. Baba, wane albishir? Wane turmi? Ba ka ga wasiƙar da na ba Jalo ba? A cikinta na faɗa maka ƙarara ba na son tafiya. Ko ka gani ka ga dai ya fi mini alheri? In haka ne, kai uba ne, ba zan yi maka musu ba, amma ka faɗa mini in sani. Ni taswira na tambaya. Na duba kwafin wasiƙata ta farko layi-layi, ban ga inda na ce a nemo mini aiki ba.

An ce in kai kaina can kafin ƙarshen wata mai zuwa. Jarrabawa kuwa sai bayan Ista.

Taka cikin ruɗani,
Juliana

Kaltungo
3 ga Fabrairu, 1997

'Yata Juliana,

Salama. Lafiyarmu ƙalau, in ban da kunya da ta hana ni cin tuwo.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta Janairu ta gidan waya, ta Nuwamba kuwa Jalo ya kawo ta da man inji a jikinta. Motarsa ta lalace a Alkaleri, ya bar ta wajen makaniki da wasiƙar a ciki, sai makon jiya ya karɓo. Na fara karanta ta Janairu ban gane komai ba, na ce yarinyar nan me ya same ta. Da na buɗe ɗayar, sai na nemi wuri na zauna.

Mamanki ta ce, "Malam, yarinya ta tambaye ka rijiya, kai ka haƙa mata kabari." Na ce ai a gidanmu wanda ya tambayi hanya da ruwa da makaranta, zuwa yake so. Ta ce, "A gidanku. Ita a Bauchi ta tashi, inda in mutum na son abu sai ya faɗa."

Na koma ofis. Yaron nan da ke kan kujerar ya ce, "Baba, kai ka zo sau uku ka hana ni shan ruwa, yanzu kuma in warware?" Ya ce takarda ta riga ta wuce sama, kuma iyayen yara sun ji a coci cewa malama na zuwa, in ya janye za su cinye shi ɗanye. Abin da kawai zai iya shi ne ya ɗaga miki zuwa bayan jarrabawa, in akwai wanda zai riƙe ajin kafin nan. Ya ce ba shi da kowa. Na ce yana da ni. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Saboda haka tun ranar Alhamis nake aji. Gwiwa na ƙara, allo ya yi mini nisa, amma muryar tana nan. Takardar ɗagawa tana tafe, wannan karon ta hannun ɗan fastonmu, ba Jalo ba. Na haɗa da 'yar wasiƙa zuwa ga hedimastanki, na gaya masa laifin wani tsoho ne mai saurin fahimta. Ke ma ki je ki ba shi haƙuri, kin ɗaga masa murya a gaban mutane. Abin da zai faru bayan jarrabawa, ban sani ba. In kin ce a yi ta bugawa har a soke, zan yi ta zuwa ofis da sandata. Amma wannan karon sai kin faɗa da bakinki, da manyan baƙaƙe.

Batun taswira, da na amsa miki tun farko da duk wannan bai faru ba. Kada ki sa kurfi. Ni a allon bangon ajina, duwatsu da koguna da fenti na zana su, iyakoki kuwa da alli, don na gaji da kankare bango duk lokacin da aka yi jawabi a rediyo. Ki nemi abin da ya yi kama da haka.

Ki ce wa Hammadu wani tsoho a Jihar Gombe ya ce ya mai da tsakuwarsa. Ba mu da motar ɗaukar yara.

Naki uba mai neman gafara,
Obadiya

Yelwa, Bauchi
27 ga Afrilu, 1997

Baba,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Yaya gwiwa? Mahaifiyata ta aiko maka da man shafawa, ta ce ka daina tsayuwa tun safe, malami ma yana iya koyarwa a zaune. Babu batun gafara tsakanina da kai.

Na je na durƙusa wa Malam Ja'afaru. Ya karanta wasiƙarka yana girgiza kai, ya ce, "Wannan tsohon, da shi ne sufeto da mun huta." Ya mayar mini da ajina. Mista Pius har sadaka ya yi don murna.

Na bi shawararka. Toka na sa yara suka kawo daga murhun gidajensu, muka zuba layi siriri daga arewa zuwa kudu, muka bar Kirfi da Alkaleri a hagu, Dukku da Akko a dama. Sufeto ya zo ƙarshen zango, ya zagaya taswirar, ya ce layin ya ɗan karkace. Na ce ya nuna mini daidai. Ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya ce a bar shi haka tukuna.

Jiya suka rubuta jarrabawa. Na raka su har ƙofa, kamar yadda na roƙi Allah. Da suka fito na ce, "Nawa aka tambaya, talatin ko talatin da shida?" Chioma ta ce, "Malama, ba a tambaya ba! Kogin da ya fi tsawo aka tambaya." Duk haddar nan tamu!

Ran Alhamis kafin nan aka yi ruwan farko. Muna cikin bita sai yara suka ruga taga. Tokar ta wanke tas. Ruwa ya cika kwarin Gongola, ya taso daga gefen Bauchi, ya zagaya ta Nafaɗa, ya gangara kudu, daidai yadda na sha faɗa musu da baki ba su gane ba. Hammadu, wanda ya mai da tsakuwarsa tun da ya ji saƙonka, ya ce, "Malama, an soke Jihar Gombe!" Na ce ba a soke ba, gobe kowa ya zo da toka. Ya ce, "Kullum aka yi ruwa sai mun sake?" Na ce kullum.

Ka ce in faɗa da manyan baƙaƙe. Na yi ta juya abin, har yanzu kaina bai gama warwarewa ba, kuma ban san ko zan iya zama can ba. Amma ba zan bar tsoho yana riƙe mini aji da gwiwa mai ciwo ba, kuma na gaji da koyar da garin da tsakuwa kawai na sani a kansa. Ga shi: ZAN ZO IN YI ZANGO ƊAYA IN GANI. Zango ɗaya na ce, Baba. Kada ka fahimci komai a bayansa. Kada ka faɗa a coci.

Taka 'ya,
Juliana

Kaltungo
4 ga Mayu, 1997

'Yata,

Salama. Man ya iso, gwiwa ta gode.

Na karanta manyan baƙaƙen, na ba Mamanki ta riƙe takardar don kada in ƙara musu komai. Ban faɗa a coci ba. Ita ce ta faɗa.

Ki taho da abu biyu. Na farko, bula, don yarana sun ji labarin taswirarku sun riga sun tara laka a ƙarƙashin mangwaro. Toka muna da ita. Na biyu, ki rubuto mini babban birnin Bayelsa tun kafin ki iso. Wata yarinya ta tambaye ni ranar Juma'a, na ce a buɗe tagogi ana zafi. Ta ce za ta sake tambaya ran Litinin.

Naki uba,
Obadiya